Abin da Injiniya Ya Ƙi Rubutawa

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ina Riyad ina cin abinci da fassara. Wani ɗan ƙaramin ofishi ne, ana kawo mana takardun Turanci mu mayar da su Larabci, na Larabci mu mayar Turanci, a buga hatimi a miƙa wa mai su. Ba wani aikin a-zo-a-gani ba ne, amma ni a raina shehin malami nake. Har wani farin gilashi nake maƙalawa, alhali idona lafiyarsa ƙalau.

Gida ɗaya muke haya a unguwar Shumaisi da wani abokina, ƙofar ɗakinsa na kallon tawa. Shi injiniya ne na gaske, ba na baka ba. Yana aiki a wata masana'anta da ake yanka farantan ƙarfe da hasken leza, ana fitar da manyan haruffan nan da ake kafawa a goshin shaguna. Kowa Injiniya yake ce masa. Mutum ne marar yawan magana, in ka kawo masa labari mai tsawo ya ce maka "to", shi ke nan an gama hira.

Injin da yake kula da shi yana da wata ɗabi'a. In yana tafiya a miƙe, yankan fes yake fita. Da ya zo kwana sai ya rage gudu, zafi ya taru wuri guda, bakin ƙarfen ya ƙone ya yi baƙi. Haruffan Larabci kuwa kun san su, duk lanƙwasa ne da kwana, don haka kullum cikin zubar da faranti ake. Abokina ya shafe watanni yana haɗa wani ɗan akwati a ɗakinsa, ya cika mana gida da warin dalma. Akwatin bai fi gwangwanin madara girma ba. Yana da wani ɗan ido da ke kallon hasken da ke tashi daga wurin yankan. Da ya ga alamar ƙarfe zai ƙone sai ya rage wa lezar ƙarfi, in an wuce kwanar ya mayar da shi yadda yake.

Ranar da ya ɗaura shi a injin, ya dawo gida da harafi guda a hannu, ya ɗora mini a cinya.

"Malam, shafa nan."

Na shafa kwanar, santsi kamar bakin cokali. Na ce masa madalla, ko da yake a lokacin ban san me nake yi wa madallar ba.

Kafilinsa, wato Balaraben da iƙamarsa, takardar izinin zama, ke hannunsa, shi ya fara kawo maganar rajista. Ya ce masa abu irin wannan ba a barin sa haka, wani zai leƙo ya kwaikwaya ya ce nasa ne. Gara ya je ya nemi bara'a, takardar da hukuma ke ba mutum cewa ƙirƙirar nan tasa ce, ba mai taɓa ta sai da izininsa. Abokina ya ji daɗin maganar ƙwarai. Abin da yake so ke nan, a san cewa akwatin nan daga kansa ya fito. Kuma da yake da Larabci ake shigar da buƙatar, sai aikin ya faɗo kaina.

Ya rubuto bayaninsa da Turanci, da zane-zane masu tsabta, kowace waya da lambarta. Ina cikin fassara na iso sashen ƙarshe, wanda shi ne zuciyar takardar, inda mai nema zai zayyana ainihin abin da yake cewa nasa ne. A nan na ga mutumin da ya lissafa kowane ƙusa ya koma magana a dunƙule. Wai idan hasken ya kai matakin da ya dace, na'urar za ta rage ƙarfi daidai gwargwado, cikin ɗan lokaci.

Na leƙa ɗakinsa na ce, "Injiniya, wane mataki ne ya dace ɗin? Gwargwadon kuma nawa ne?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Fassara kawai, Malam."

To, ni ma ba a bar ni a baya ba. Na zauna na ƙawata wurin da Larabci mai nauyi, irin wanda ake huɗuba da shi. Da na karanta sai da na ji tausayin ma'aikatan da za su gamu da irin wannan balaga. Muka kai ofishin rajista, aka karɓa, aka ce mu jira.

Mun jira har na manta da zancen. Sai ga amsa daga mai binciken da aka ba takardar. Bai ce komai a kan balagata ba, abin da ya ɗan sosa mini rai. Ya ce dai sashen nan ba a fayyace yake ba. A faɗi matakin hasken, a faɗi da me ake auna shi, a faɗi yawan ƙarfin da ake ragewa da saurin da ake rage shi. Ya ba da wa'adi, in ya wuce ba a gyara ba, buƙatar ta faɗi.

Abokina ya ce mu je mu gan shi ido da ido. Muka tari limuzin, wato tasin can, ni a matsayin tafinta. Muka tarar da wani matashin Balarabe mai sanyin hali, ya sa aka kawo mana shayi. Da ya buɗe baki sai ga Turanci ya fi nawa gogewa nesa ba kusa ba. Na gyara gilashina na koma ɗan kallo.

Ya kira abokina injiniya da Larabci, ya ce, "Ya muhandis, ban musa cewa abinka yana aiki ba. Amma gobe wani ya haɗa nasa akwatin, ka kai shi ƙara, alƙali ya tambaya ko ya shiga gonarka. Me za a duba? Ka ce gona taka ce, ba ka nuna inda ta tsaya ba."

Abokina ya ce ai zanen yana nan, komai a fili.

"Zanen ya nuna mini kayan da ka haɗa. Bai nuna mini abin da ya sa naka yake aiki na wasu ba ya yi ba. Ƙa'idar ita ce injiniya irinka ya karanta takardar nan ya haɗa abin ya yi aiki, ba tare da ya zo ya tambaye ka ba."

Abokina ya ajiye kofin shayi. "Kowa zai iya karantawa?"

"Kowa. Cinikin ke nan. Kai ka bayyana wa duniya, hukuma ta tsare maka shi na wasu shekaru."

"Bayan shekarun fa?"

"Ya zama na jama'a."

Abokina ya miƙe ya ce shukran, muka fito.

A gida na kasa haƙuri. Muna cin burodin tamis da waken ful na ce, "Haba Injiniya! Lambobi ne fa 'yan kaɗan. Ka rubuta a ba ka takardarka mu huta. Kai da ka zo nema a san naka ne, kuma kai ne mai ɓoyewa?"

Ranar ce kaɗai na ji ya yi doguwar magana. Ya ce shi ɗan gidan maƙera ne, kakansa da mahaifinsa duk a bakin wuta suka tsufa. A gidansu ana koya wa ɗan koyo komai, zuga da duka da wasa wuƙa, amma akwai abu guda da ba a nuna masa, kamar lokacin da ake cire ƙarfe daga wuta a tsoma a ruwa ya yi ƙwari. Wannan ba a faɗin sa a taro, balle a rubuta. Ya ce duk maƙerin da ya zazzage cikinsa gaba ɗaya, ya tashi daga maƙeri ya koma mai hura wuta.

Na ce, "To ai nan ba maƙera ba ce, Riyad ce."

Ya ce, "Ƙarfen dai shi ne."

Kai, mutumin nan! Na ce masa oho, akwatinsa ne.

Sai dai abin yana cin sa, na sani, don ya rage cin abinci. Da wa'adi ya matso ya zo mini da fara'a, wai ya samo mafita, in raka shi. Bai gaya mini mafitar ba sai a gaban mai binciken. Wai zai kawo akwatin a gwada a gabansa. Sannan zai faɗa masa lambobin, shi kaɗai, baki da kunne, a bisa amana, in ya yarda zai rantse ba zai fitar ba. In ya so sai ya sa hannu cewa ya ji kuma ya gamsu, takardar kuwa a bar ta yadda take.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na zaci mutumin zai fashe da dariya, amma bai yi ba. Ya dube shi da kyau ya ce, "Na gode da ka ga na isa riƙon amana. Amma ni ba zan dawwama a kujerar nan ba, ya akhi. Gobe a canza mini wurin aiki, ko in mutu. Wanda zai zo bayana takarda zai tarar, ba ni ba. Abin da ba ya cikinta, a wurin hukuma babu shi."

Ya ƙara da cewa ko tazara ce ya bayar, daga kaza zuwa kaza, in dai gaskiya ce kuma tana aiki, zai duba. Abokina ya ce duk mai hankali in ya ga tazarar zai lalubo sauran. Mai binciken ya ce ƙwarai kuwa, don haka ake neman ta.

Shi ke nan. Wa'adi ya zo ya wuce, abokina bai rubuta ba, buƙatar ta faɗi. Ba a yi wani tashin hankali ba. Ya ci gaba da zuwa aiki, akwatin na kan injin yana ta fitar da haruffa masu santsi. Bayan wani lokaci kafilin ya sayar da masana'antar, sababbin masu ita suka zo da mutanensu, aka buga wa abokina bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar. Ya kwance akwatinsa ya sa a jakar hannu. Na raka shi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, muka yafi juna, ya ce "to", ya shige.

Mun ɗan yi wasiƙa, daga baya ta yanke. Ina can Riyad na ji labarin rasuwarsa, gajeriyar rashin lafiya. Na yi masa addu'a, na kuma aika da gaisuwa gidansu ta hannun wani ɗan garinsu.

An daɗe ƙwarai, har na dawo gida na yi furfura, gilashin ma ya zama na dole. Wata ranar Asabar da hantsi aka yi sallama da ni. Wani saurayi ne dogo, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce shi ɗan abokina ne, wanda aka haifa muna Riyad, aka yi suna uban ba ya nan. Ya yi karatun lantarki, yana aiki. Ya sha wuya kafin ya gano inda nake.

Ya ce akwatin na wurinsa. Ya buɗe shi, kayan ciki duk ya gane su, amma ɗan abin da ke riƙe da lissafin ya daɗe da mutuwa, ba a iya karanta komai daga cikinsa. Ya bincika kayan mahaifinsa kaf, bai ga inda aka rubuta ba.

"Ba don in sayar ba ne, Baba," in ji shi. "Injunan yanzu da nasu suke zuwa. So nake kawai in san me ya gano. An ce ku kuka yi masa fassara, na ce ko ya taɓa faɗa muku."

Na ce, "Wallahi ɗana, bai faɗa mini ba. Na tambaya, ya hana ni."

Ya jinjina kai, kamar dama ya san amsar.

"Umma ta ce kullum cewa yake ni ya ajiye wa. Wai in na girma zai zaunar da ni ya faɗa mini da bakinsa. Ina aji uku na firamare ya rasu."

Na sa aka kawo masa ruwa, ya sha, muka yi wa mamacin addu'a, na raka shi bakin titi ya hau mota.

Duk shekarun nan na ɗauka tsoron masu kwaikwayo ne ya hana abokina rubuta lambobin nan, har nakan ba da labarin a majalisa a yi dariya. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wanda yake tanadar wa ba. Yanzu na daina ba da shi don dariya. Ba na ganin wautarsa, gado ya so ya bar wa ɗansa irin wanda aka bar masa. Sai dai har gobe ina ganin matashin Balaraben nan ya fi mu gaskiya, ni da shi duka, kuma hakan ba ya yi mini daɗi ko kaɗan.