Da'ira Biyu a Bangon Malam Toma

Duk wanda ya zauna a Yelwa ya san Malam Toma, ko don haushin da yake ba mutane. Malamin mantiƙi ne, wato ilimin auna magana da hujja, kuma bai taɓa iya barin aikinsa a aji ba. Ka ce masa ka san za a yi ruwa yau, sai ya tsare ka a bakin titi ya tambaye ka sani ne ko tsammani. Ni da muke katanga ɗaya da shi na sha wannan tambaya har na koma gaisuwa daga nesa.

Koyarwarsa hanya ɗaya ce. Zai cika allo da da'irori, ya ce kowace ɗaya wani hali ne da al'amari zai iya kasancewa a ciki. Duk hujjar da ta zo sai ta goge da'irar da ta saɓa mata. Abin da ya tabbata a cikin dukkan waɗanda suka rage, shi kaɗai ka sani, saura zato ne. Ɗalibai Baba Goge suke ce masa. Matarsa Liatu kan ce ko gishiri ta ce ya ji a miya sai ya nemi shaida.

Ɗa guda Allah ya ba su, Zakka, direban tasi. Wata safiya wasu mutane suka yi shatar motarsa zuwa ƙauye, daga nan babu shi, babu motar, wayarsa a kashe.

Malam Toma ya ɗauki alli ya zana da'ira biyu a bangon barandarsa. Bai rubuta komai a ciki ba, amma kowa ya gane: a ɗaya Zakka na raye, a ɗayar ba ya raye. Ya bi tasha, ya bi asibitoci da ofishin 'yan sanda har takalminsa ya cinye. Aka ce an ga yaron a Gombe, ya ce jita-jita ba ta goge komai. Liatu ta roƙe shi da kuka ya ce mata ɗansu na nan da rai, ko ta samu ta runtsa.

"Ban sani ba, Liatu," ya ce. "Ba zan ce miki na sani ba."

Ta katanga na ji, kuma wallahi ranar na tsane shi.

Bayan damina 'yan sanda suka aiko cewa manoma sun tsinci mota a daji, da ragowar mutum da tufafinsa, a zo a duba. Hujjar da ya yi watanni yana nema ke nan. Sai ga Baba Goge ya ce ƙafa ke masa ciwo. Liatu ta tafi da ƙanenta. Kafin ta fita mijin ya roƙe ta, duk abin da ta gani kada ta faɗa masa.

Ta cika alkawari. Ta dawo ta wuce ɗaki. Amma da la'asar matan zumuntar cocinsu suka fara shigowa cikin zane iri ɗaya, aka jera kujeru a tsakar gida, suka soma waƙa ƙasa-ƙasa. A unguwarmu ko yaro ya san abin da ke tara su haka.

Da na shiga gaisuwa na sami Malam Toma tsaye gaban bangon, tsumma a hannunsa. Ya juyo ya dube ni.

"Maƙwabci, ai ba wanda ya faɗa mini komai, ko?"

Na ce ba wanda ya faɗa masa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi, don shi da bakinsa yake koyar da cewa abin da ido ya gani ma hujja ne. Ya ajiye tsumman bai goge ba.

Yanzu ya bar koyarwa, ya kuma daina tsare kowa da tambaya. Da'irorin na nan biyu, in ruwa ya wanke su ya sake zanawa. Duk Lahadi bayan coci Liatu kan je maƙabarta ita kaɗai. Shi ke rako ta titi ya tsayar mata da keke napep, sannan ya yi saurin juyawa gida kafin ta faɗa wa direba inda zai kai ta.