Malam Ladan da Takun Gurguwar Ƙafata

Ina shagon ɗinkina a kasuwar Jega da hantsi, wani direban motar Maiyama ya leƙo ya ce, "Umaru, malaminku na wasa ya cika da asuba." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinkin, na daɗe zaune ina kallonta.

Malam Ladan na Gumbin Kure shi ne ya kafa ƙungiyarmu ta wasan dandali lokacin da jihar Kebbi take sabuwa. Shi yake tsara labari, ya sa waƙa, ya shirya rawa. Har yanzu in na rufe ido ina ganinsa tsaye a bakin gonakin albasa na Aliero, ruwa yana ƙyalli a cikin fangali, masu ban ruwa suna sunkuyawa suna miƙewa da ƙwarya, shi kuma kafaɗunsa suna bin su a hankali kamar mai gyangyaɗi. Yakan ce, "Rawa tana nan ga aikin mutane, ɗauko ta kawai za mu yi." Da wanda ya kasa taku ba ya faɗa, sai dai ya ce, "Sake, ƙasa ba ta gudu ba."

Ni nake jan rawa a gaba, kuma wallahi ina ji da kaina. Sai na faɗo daga motar albasa a hanyar Danwarai, cinyata ta karye. Masu ɗori sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙafar ta warke gajeriya. Na daina zuwa gwaji. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san dandali ya fi ƙarfina ke nan har abada.

Wata rana Malam ya zo shago, ya ce in ɗebo masa ruwa a randa. Ina tafiya na ji sawu a bayana. Na waiwaya, ga shi yana ɗingishi irin nawa sak.

"Haba Malam! Har da kai a yi mini ba'a?"

"Yi shiru, yaro, saurare nikai. Ƙafag ga taka kiɗi gare ta."

Ya kira Isa makaɗinmu, ya sa ya ɗora kalangu a kan tafiyata, bugu dogo, bugu gajere. Ya sauya wasan gaba ɗaya, ya mayar da shi labarin 'yan ci-rani da suka dawo gida a gajiye, kowa ya koyi takuna. Ranar da muka nuna shi a filin makaranta a Maiyama, layinmu yana tangaɗi baki ɗaya kamar gero a iska, mata suna guɗa. Wata tsohuwa ta tambayi Malam, wai an ce akwai gurgu a cikinsu, wanne ne? Ya ce, "Inna, ni ma na mance."

Ranar rasuwar Malam, da muka isa Gumbin Kure aka yi masa salla, na matsa zan kama makara. Wani dattijo ya tare ni: "Bari masu ƙafa, kada ka karkata ta." Gaskiya ya faɗa, na ja da baya, hawaye ya cika mini ido. Sai Isa ya kamo hannuna ya ɗora a kan itacen. Sauran da ke riƙe da ita duk 'yan ƙungiyarmu ne. Babu kalangu, amma da na ɗaga ƙafa sai suka sauke takunsu ya zo daidai da nawa. Makarar ba ta karkata ba har bakin kabari.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Ladan, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa. Ka bai wa matarsa Inna Kulu da 'ya'yansa haƙurin rashi, Ka zama gatansu. Yadda ya rage tafiya domin gurgu ya cim masa, Ka tarbe shi da rahamarKa tun daga nesa. Amin.