Fitilar da Na Kashe

Cikin shekarun da na yi ina kanikanci a Rano, motocin da suka ratsa hannuna ba su ƙirguwa, kuma yawancinsu na manta ko launinsu. Amma akwai wata farar mota 'yar Kwatano da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba.

Wajen shekara goma ke nan da dawowar mulkin farar hula, motoci masu ƙwaƙwalwa suka fara cika mana gari. Mu da kunne muka koyi aiki, mai gidana ma sukuddireba yake karawa a kunnensa ya gaya maka ciwon inji. To waɗannan sababbin ba sa magana da kunne. Wata 'yar fitila ce ruwan ɗorawa take kamawa a gaban direba, sai an jona musu na'ura ta fito da lambar matsalar. Na shiga Kano na sayo tawa. Wanda ya sayar mini ya nuna mini maɓalli biyu, na karantawa da na gogewa, ya haɗa ni da wani littafi mai fassara lambobin. Littafin da Turanci yake, ni kuwa Turancina bai wuce na tasha ba, don haka na jefa shi akwatin kayan aiki. Nan da nan sunana ya koma Mai Kwamfuta, ni kuma kaina ya kumbura.

Wata ranar kasuwa da damina wani dattijon direba daga Unguwar Gai ya kawo farar motar nan. A unguwarsu ita ce ta kai hatsi Kibiya, ita ce kuma ta kai marar lafiya asibiti. Ya ce, "Mai Kwamfuta, fitilar nan ce ta kama. Sau biyu ke nan tana mutu mini in ta yi zafi, sai ta huce take tashi."

Direbobi sun yi mana da'ira suna kallo. Na jona na'ura, ta rubuto P0335. Wallahi ban san me take nufi ba. Littafin yana nan taku uku daga inda nake tsaye, ga kuma malamin makaranta a maƙwabtanmu da zai karanta mini. Amma yaya za a yi Mai Kwamfuta ya tsaya buɗe littafi a gaban jama'a? Sai na danna maɓallin gogewa, fitila ta mutu, 'yan kallo suka ɗauki kabbara.

Dattijon ya leƙa, ya dube ni. "Ta warke ke nan?"

Na ce, "Ta warke, Malam. Ko Legas ka nufa."

Kwana uku bayan nan, da hantsi, kububuwa ta sari ƙaninsa a gona. Akwai mai babur da ya ce a kawo shi ya ruga da shi, dattijon ya ce a'a, mota ta fi, kwanan nan aka duba ta da kwamfuta. Suka ɗauko hanyar Rano. Sun wuce Kibiya kaɗan ta mutu. Suka jira ta huce, ta tashi, ba su yi nisa ba ta sake mutuwa. Kafin a samu wata motar a sauya, jiki ya riga ya yi nisa. A ƙofar asibiti ƙanin ya cika, ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Na je ta'aziyya ina jiran wani ya nuna ni da yatsa. Ba wanda ya nuna. Dattijon ma har ya gode mini da na taso, wannan godiyar kuwa ta fi mari zafi.

Bayan sadakar bakwai aka jawo motar garejina. Dattijon ya ce, "Fitilar ta dawo." Na jona, lambar nan dai ce. A ranar na ɗauki littafin na tafi wurin malamin makarantar, ya karanta mini: matsalar daga sensar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota juyin inji take, in saƙonta ya yanke wuta ba ta zuwa fulogi. Na shiga ƙarƙashin mota na bi wayar da hannu. Sai ga ta kwance a jikin salansa, wato bututun hayaƙi, robarta ta narke, in ƙarfe ya yi zafi sai ta haɗu da shi. Na yanke, na haɗa, na naɗe, na ɗaure ta nesa da zafi. Aikin duka bai kai tsawon alwala da sallah raka'a biyu ba. Na daɗe kwance a ƙarƙashin motar nan bayan na gama, don kada a ga idona.

Da na fito na durƙusa gabansa na gaya masa komai. Na ce, "Malam, ranar nan ban gyara komai ba. Ban san lambar ba, fitilar kawai na kashe."

 Ya ce, "Ɗana, kwanan ƙanina ne ya ƙare, ajali ba a hannunka yake ba. Amma 'ban sani ba' tana bakinka, ka hana ni. Da ka ba ni ita, da na ɗora shi a babur." Ya ce ya yafe nasa, ya ja motarsa ya tafi. Har ya bar tuƙi bai daina kawo mini ita ba.

Yanzu na san lambobin nan da yawa a ka, littafin ma ya yayyage don buɗewa. Maɓallin gogewa kuwa ba na taɓa shi sai na ga ciwon da idona, na gyara, na zaga da motar har ta yi zafi. Direbobi kan ce na cika nawa, wasu ma su tafi inda za a kashe musu fitila nan take. Ba na jin haushinsu, ni ma na taɓa zaton kashe fitila shi ne magani. Abin da dattijon nan ya koya mini shi ne, in mutum ya miƙa maka makullinsa ya tambaye ka, ka ba shi gaskiyar abin da ka sani, ko da gaskiyar ita ce ba ka sani ba. Ni kunyar minti ɗaya na gudar wa kaina, ga shi har yau in na ga yaran nan huɗu a kasuwar Kibiya sai in sunkuyar da kai.