Abin da Bututu Ya Zubo Cikin Ƙullin Kisra

Shekarar da hayaƙi ya soma cin idona, maigidana ya sayo mini murhun ƙarfe a kasuwar Sinnar, mai bututu da ke fita ta rufin madafa. A kansa nake ɗora doka, faifan ƙarfen da muke gasa kisra a kai, wato 'yar siririyar wainar ƙullin dawa mai faɗi. Ban daɗe ba na gane halinsa. In na hura wuta sai in tsoma yatsu a ruwa in yarfa wa bututun. In ya yi cuu, ya ɗauki zafi ke nan, hayaƙi zai fita fes. In ɗigon ya tsaya yana gangarowa, sai in ƙara busasshen ice.

Wata rana bututun ya ƙona ni a damtse. Tausayi ya sa maigida ya kwaɓa laka da kashin jaki da ƙaiƙayi, irin na yaɓen gida kafin damina, ya lulluɓe bututun tun daga ƙasa har gwiwarsa ta sama. Na yi godiya, don niyyarsa mai kyau ce. Sai dai tun ranar na rasa ma'aunina. In na yarfa ruwa laka ta shanye. Damina ta shigo, icen bagaruwa duk a jiƙe, ni kuwa ina ta lallaɓa 'yar ƙaramar wuta wata da watanni, ban san abin da ke taruwa a ciki ba.

Ranar gayyar yankan dawa a hawasharmu, wato gonarmu, abincin maza masu aiki yana wuyana. Na tsima ƙulli babban kwano tun jiya, na zuga wuta irin wadda ban taɓa yi ba. Na taɓa lakar, ɗumi-ɗumi kawai, sai na ƙara ice.

Warin na fara ji, kamar an ƙona tsohuwar taya. Sannan wani baƙin abu mai yauƙi ya tsiyayo daga gwiwar bututun, ya sauka tsakiyar ƙullin. Bayansa wani dunƙule ya faɗo. Na sa ludayi na ɗago, ashe tsaka ce, ta mutu ta bushe cikin kwaltar da hayaƙi ya tara a bututun, yatsunta a buɗe. Na fita da gudu na yi amai a gindin darbejiya.

Wata dattijuwar maƙwabciyata da ta zo taya ni aiki ta leƙa kwanon, ta ce zubar da hatsi alhaki ne, kuma rana ta yi.

“Kwashe saman, ɗiyata, ki ci gaba. Wanda ya wuni duƙe cikin dawa mi zai gane?”

“Inna, ni ai na gani. Da wane hannu zan miƙa musu?”

Na haƙa rami a bayan ɗaki na juye ƙullin ina istigfari, hawaye na zuba, don gumin mijina ne nake binnewa. Muka kafa duwatsu uku a tsakar gida muka tuƙa tuwo. Sai bayan azahar ya isa gona. An ce wani ƙanen mijina ya tambaya ko daga can birnin Madani aka yi odar abincin.

Washegari maigida ya kwance bututun, ya kankare abin da ya kusa cika bokiti. Da zai sake yaɓe shi na roƙe shi ya bar mini wuri kamar tafin hannu, ƙarfe tsirara, inda damtsena ba ya kaiwa. Nan nake yarfa ruwana har yau.

Kisra kuwa sai da azumi ya zo kafin na iya kai ta bakina.