Kalan Dawa a Bakin Daji

A ƙauyenmu, yamma da Randagi, faston cocinmu ne ya raya al'adar kala. Shekara da shekaru yana tuna mana daga Littafi Mai Tsarki cewa kada mai girbi ya share gonarsa ƙaf. Ya bar zangarniyar da ta faɗi da ta bakin iyaka domin gwauruwa da baƙo. Jama'a suka karɓa. Gwaggona, wadda mijinta da 'ya'yanta suka riga ta gidan gaskiya, da kalan nan take cika ɗan rumbunta.

Daga baya 'yan bindiga suka mamaye dajin. Manoma suka koma girbi a gurguje, a ɗaure dami, a aza a babur, a bar wurin. Masu kala kuwa, tsofaffin mata, sai an watse suke shiga.

A kakar da aka sace wasu mata suna kala, ina gida hutu daga makarantar da nake koyarwa a Kaduna. Fasto ya kira ni.

"Malam, kai da ka yi jami'a, faɗa mini. Ni na koya musu barin kala. Yau koyarwata ce ke kai tsofaffi bakin bindiga. In hau bagaden coci in ce a daina?"

Na ba shi shawarar da na ɗauka ba ta da aibu: a girbe duka, kowa ya kai wa gwauraye rabonsu har gida. Ya sanar ranar Lahadi. Mu biyu muka kai wa gwaggo kwandon farko.

Ta dubi dawar, ta dube shi. "Baba Fasto, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Mama."

"To, ni kala nake yi, ba bara ba. Abin da hannuna ya tsinta nawa ne. Wannan kuwa, in na ci, gobe a bakin rijiya sai na rusuna wa matar mai shi." Ta juyo kaina. "Kai ɗan boko, dabararka ce ko? Ta yi kama da kai, fes-fes, ko ƙaiƙayi babu."

"Ranki nake jiye wa, Mama," in ji Fasto.

"Kai ka karanta mana a Littafi. An goge ayar ne?"

 

Washegari da hantsi ta ɗauki buhunta ta nufi gonakin bakin daji. Hana ta ya gagara, sai muka bi ta. Da Fasto ya sunkuya zai taya ta, ta daka masa tsawa: "Kada ka taɓa mini! In taimako kake so, duba mini hanya."

Ya miƙe ya tsaya yana kallon itatuwa, hannunsa ko sanda babu. Na tambaye shi abin da za mu yi idan wani ya ɓullo.

"Ban sani ba, Malam," ya ce. "Gobe ma za ta dawo."