Jiragen Yaya Sule da Muka Shanya

Shekara bakwai ke nan da muka binne Yaya Sule, Allah Ya jiƙansa. Ni ƙanwarsa ce, Laure. Sai da na aurar da 'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya zo neman zaƙin baki a nan ya wuce shafi na gaba.

Yaya Sule manomin shinkafa ne a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. A zuriyarmu babu masunci ko ɗaya. Amma da aka kawo ruwan kanal, aka haƙa tafkin da ke tara ruwan ban ruwa a bayan gari, sai ya ce ba zai zauna kusa da ruwa yana tsoronsa ba. Shi da Bitrus bakanike, wanda ya tashi a bakin kogin Binuwai, suka sayo kwale-kwale ɗaya, suka tara abokai. A hankali jirage suka zama uku. Duk Juma'a bayan la'asar sai tsere, ba kofi, ba ko kwabo, sai ihu da tsiya. Mutanen gari suka sa musu suna 'Yan Filafili, da nufin ba'a. Su kuwa suka rubuta shi da fenti a ƙofar rumfarsu.

Rumfar kwano ce, rabinta a tudu, rabinta a kan ruwa, jiragen na ɗaure a inuwarta. Dokar Yaya ɗaya: ba mai taɓa filafili sai ya ƙetare tafkin da iyo. Wasa ne, na yarda. Amma da wannan wasan aka tsamo matar Malam Habu ranar da santsi ya kwashe ta wajen wanki.

Da ya rasu, kowa ya ajiye filafili. Bitrus ya tafi gida jinyar mahaifiyarsa. Ni ce na tsaya da bakina mai kaifi na ce ba za a bar dukiyar ɗan'uwana ta ruɓe a ruwa ba. Mu manoma ne, abin da muke so mukan ɗaga shi sama, nesa da laima, kamar dawa a rumbu. Aka ɗora jiragen kan katako, na kulle ƙofa, na ɗaure mukulli a bakin zane.

Bayan shekara biyu Bitrus ya dawo. Na buɗe masa, ya leƙa ciki, ya zura yatsa cikin tsagar katakon jirgi har ya ɓulla.

"Mama Laure, wa ya shanya su?"

"Ni ce. Adana su na yi."

"Jirgi ba hatsi ba ne, Mama. Ƙishirwa ce ta kashe su."

Garin neman gira na rasa ido. Kunya ta sa na sake kulle ƙofar, shekara biyar ban buɗe ba.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Ciyawar kachala ta cinye gefen tafkin. Abokansa wasu sun koma acaɓa a Kano, wasu gwiwa ta ƙi. Kowa na riƙe da wayar hannu, amma in mutum ya faɗa ruwa, wa za a kira? Bara a gabanmu ruwa ya tafi da wani ɗan ci-rani mai tsinkar tumatir. Maza sun fi ashirin a bakin gaɓa suna salati, ba mai iyo a cikinsu, ba jirgi. Tun ranar ba na iya kallon mata suna wanki hankalina kwance.

Yanzu wani dillalin albasa na son rumfar ya zuba buhuna, ragowar 'yan ƙungiyar kuma sun amince. Mukulli kawai suke jira. Na ce su jira.

Na buɗe wa Bitrus ya duba jiragen, ya ce biyu sun mutu, amma ƙaramin, in aka cusa auduga da kwalta aka nutsar da shi, wataƙila katakon ya kumbura ya haɗe. Wataƙila, ya ce, bai rantse ba. Mun danne shi da duwatsu a cikin tafki yau kwana tara. Sauran kwana biyar mu ɗaga.

Kwano zai yi tsatsa, suna a ƙofa zai goge, waɗannan ba su dame ni ba. Abin da Yaya Sule ya bari shi ne mutum shida da har yanzu suka iya iyo, ƙaraminsu ya haura arba'in. Ku shidan nan kun san kanku. Ranar Juma'a bayan la'asar ina bakin tafki, kowa ya zo da wanda zai koya wa. In jirgin ya sha ruwa ya koma ƙasa, zan miƙa mukulli da hannuna. In ya tashi, mai albasa ya nemi wata rumfar.