Ƙurajen Saiwar Wake

Har yau in na ji ƙanshin ƙasar da aka tuge wake, sai Kaka ta faɗo mini a rai, mahaifiyar Baba, 'yar tsohuwa mai kaifin baki.

Zamanin Nasara ne, lokacin da malamin gona ke yawo bisa keke yana matsa wa mutane su shuka auduga. Shekara da shekaru Baba na bi, har gonarmu ta bayan Tambuwal ta gaji, ko gero aka sa ba ya wuce ƙugu. Baba ya ce mu tashi, mu koma dajin Kebbe ya sari sabuwa. Kaka ta ce ita kam inda aka binne mijinta, nan za a binne ta. Ta roƙi Baba ya ba ta damina biyu, ta sa aka shuke gonar da wake.

Ni na kusa ɓata komai. Ina yarinya, ga rawar kai, na tuge gindi ɗaya, na ga saiwar duk ƙuraje. Na sheƙa na nuna wa Baba. Ya ce cuta ce, a tuge duka a ƙone, da ma ya faɗa ƙasar ta mutu. Har an fara, sai ga Kaka tana dogara sanda. Ta ciri ƙurji ɗaya, ta fasa da farce. Cikinsa ja-ja.

"Duba nan, Malam. Mataccen abu na da jini?" Haka take kiran Baba, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. "Wanga shi ka ciyar da ƙasa. In waken ya nuna ku yanki harawa ku ba shanu, ku bar min saiwa inda take." Ta harare ni. "Ke kuma, uwar tsegumi, wuce ki ba ni wuri."

Da damina ta biyu aka sa gero. Ya tashi har ya shanye Baba, sai dai mu ji muryarsa daga ciki. Ba a sake zancen Kebbe ba.

Jikata mai karatu ta ce wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke zaune cikin ƙurajen, suna ɗebo abinci daga iska su ba shuka. Na ce to, ku yanzu sai a buhu kuke neman taki. Kaka ba ta taɓa jin sunansu ba, ina kewarta ƙwarai. Ta sha furar geron nan, ta rasu da rani. Kusa da mijinta take kwance.